Me ya sa ba a sauke kuɗin tikiti a cika filin ƙwallo?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Agege, mai son ƙwallo. Na kalli gasar kulob-kulob ta duniya da aka yi a Amurka a 2025, wasu wasannin kujeru fayau ba kowa, aka ce tsadar tikiti ce. Nan Legas ma na je filin wasa na Onikan kallon wasan gasar Najeriya na tarar da fili rabi. Shin masu ƙungiyoyin nan ba su san kasuwa ba ne? Me zai hana su karya farashi a cika wuri?

Amsa: Malam, sun san kasuwa, lissafinsu ne ba irin naka ba. Kuma ciwon Amurka daban, na Onikan daban, ko da yake a talabijin kamarsu ɗaya.

Fara da lissafin. A misali, ka ce fili na cin mutum 10,000. In aka sa tikiti naira 1,000 mutum 8,000 suka shiga, an tashi da miliyan 8. In aka sa 5,000 mutum 2,000 kacal suka shiga, an tashi da miliyan 10, ga ƙarancin masu gadi, ga ƙarancin shara da rigima. Wanda idonsa ke kan kuɗin ƙofa kawai zai zaɓi na biyun ya yi barcinsa lafiya. Kujerar fili kuwa tamkar tumatir ce a kasuwar Mile 12, in lokacinta ya wuce ba ta da sauran daraja, da an busa tashi shi ke nan. Sai dai mai tumatir yakan karyar da yamma ya huta, shi kuwa mai kulob yana tsoron kada mutane su gane cewa jira na da riba, kowa ya ƙi saye da wuri.

Abin da ya faru ke nan a gasar da ka kalla. FIFA ta bar farashi yana hawa da sauka gwargwadon yawan masu nema, ta kuma fara shi daga sama. A wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Chelsea da Fluminense, tikitin da ake sayarwa sama da dala 470 ya faɗo ƙasa da dala 15 cikin 'yan kwanaki. Wasan Ulsan da Mamelodi Sundowns a Orlando kuwa mutum dubu uku da ɗari huɗu da 'yan kai ne suka shiga. A nan ba tsada kaɗai ba ce: kulob daga Koriya ta Kudu da wani daga Afirka ta Kudu, a tsakiyar mako, a garin da ba mai alaƙa da su.

Sannan manyan kulob na Turai ba da kuɗin ƙofa suke rayuwa ba. BBC ta taɓa bin diddigin asusun kakar 2016/17 ta gano cewa wajen rabin kulob 20 na Firimiyar Ingila za su ci riba ko da ba mutum ɗaya da ya shiga filinsu, saboda kuɗin talabijin. Don haka ba su da uzurin tsawwalawa, amma kuma ba abin da ke tilasta musu sassautawa sai in magoya baya sun tashi tsaye. An gani a Fabrairun 2016: dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77 na wasansu da Sunderland, don ƙin tikitin fam 77. Ba a yi mako ba masu kulob suka janye, har da ba da haƙuri. A shekarar ce kuma aka ƙayyade tikitin magoya bayan baƙi a Firimiya kada ya wuce fam 30. A Jamus, inda dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin kulob, Dortmund na da ɓangaren tsaye mai cin mutum kusan 25,000 a farashi mai sauƙi, kuma filin mai cin sama da 81,000 kusan kullum a cike yake.

Wani abin lura: adadin da ake sanarwa sau da yawa na tikitin da aka sayar ne, ba na mutanen da suka zo ba. Mai tikitin shekara ya yi zamansa a gida, kamfani ya karɓi kasonsa ya ajiye a durowa, a takarda wuri ya cika.

To mu dawo gida. A ganina mai cewa tsadar tikiti ce ta kori mutane daga filayen Legas bai faɗi rabin magana ba. Tikitin shi ne ƙaramin abu a cikin kuɗin da za ka kashe. Ɗauki kanka. Ana take wasa yawanci ƙarfe huɗu na yamma, daidai la'asar. Daga Agege zuwa Onikan sai ka bar shago tun azahar, ka shiga danfo ko BRT, ka ƙetara gada zuwa tsibiri, ka nemi inda za ka yi salla, a tashi wajen ƙarfe shida ka faɗa cunkoson komawa, magariba ta same ka a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Haɗa da ruwa da abin taɓawa da cinikin yinin da ka rasa. A gefe guda ga gidan kallo a bakin layinku, kuɗi kaɗan, benci da fanka, ana nuna Arsenal a daidai wannan lokacin. Ko kyauta aka ce a shiga Onikan, da yawa ba za su motsa ba.

Ga kuma matsalar da ta fi wannan zurfi, wato rashin saiwa. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma filin Sani Abacha na Ƙofar Mata cikin gari yake, yaro ya taso ya ga babansa yana cewa "Sai Masu Gida". Legas ma ta taɓa samun irin haka da Stationery Stores, wadda aka kafa a 1958, kuma a Surulere Najeriya ta ɗaga kofin Afirka na 1980 bayan ta lallasa Aljeriya 3-0. Amma Stores ta durƙushe, babban filin Surulere ya lalace shekara da shekaru, Super Eagles suka koma Abuja da Uyo. Ƙungiyoyin da suka biyo baya ba su daɗe a sama ba. MFM da ke wasa a filin Agege ta faɗo daga babbar gasa. Sporting Lagos, da aka kafa a 2022, ta hau a 2023 ta sauko a 2024, duk da ta yi ƙoƙari wajen tsafta da tsaro da jawo iyalai. Ikorodu City ta hau a 2024, amma a Onikan take karɓar baƙi, nesa da garin da take ɗauke da sunansa. Mutum ba ya ba da zuciyarsa ga kulob ɗin da bai san ko baɗi yana nan ba.

A sauran jihohi kuma yawancin kulob na gwamnati ne, albashi daga baitulmali yake fitowa. Fili ya cika ko kada ya cika, ba aljihun wanda ya girgiza. Ga masu shigar da nasu ta bayan fage, ga tsoron jifa da dukan alƙalin wasa da ke hana mutum zuwa da ɗansa.

Shin a sauke farashi? E, amma da dabara. Buɗe ƙofa kyauta ba na goyon bayansa: yana jawo turmutsutsu, yana kuma koya wa mutane cewa wasan ba shi da daraja. Abin da ke aiki shi ne a rarrabe. Ɓangaren da ba rumfa ya yi araha sosai, yara da ɗalibai su shiga da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, masu son kujerar alfarma da inuwa su biya da tsoka. A sayar da tikiti ta waya don a toshe ɓaraka a ƙofa, a kauce wa lokacin manyan wasannin Ingila, a sa motoci daga unguwanni ranar wasa.

Ku ma kuna da abin yi. Duk ranar da Pillars ko wata ƙungiyar Arewa za ta zo Legas, Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun isa su cika ɓangare guda. Ku haɗa kai ta ƙungiyar kasuwarku, ku ɗauki shatar mota, wakilinku ya je ofishin kulob mai masaukin baƙi tun kafin ranar ya nemi ragi a kan tikiti ɗari ko ɗari biyu a dunƙule, ya kuma nemi a ware muku wuri da jami'an tsaro.