Zauren Larabci: "Malam, In Balarabe Ya Tambayi Sunana, Me Zan Ce?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni dattijuwa ce a Unguwar Rogo, jikata ce ke rubuta mini wannan. Allah Ya nufa bana zan sauke farali. Ɗana na fari ne ya biya mana kujera, tare za mu tafi. Karatun allo kawai na yi, ina karanta Alƙur'ani amma ban san fassara ba. Abin da ke hana ni barci shi ne, in na rabu da 'yan tawagarmu wani Balarabe ya tambaye ni sunana, me zan ce masa?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Tun yanzu na fara kiranki da sunan, Allah Ya sa a je lafiya a dawo lafiya.

Kalma ɗaya za ki riƙe, ita ce *ismi*, wato "sunana". Ki ɗora sunanki a kanta, magana ta ƙare. In Hadiza ne sunanki, sai ki ce "Ismi Hadiza". Ba a saka komai a tsakani. Kuma *ism* ɗin nan ba baƙo ba ne a bakinki, shi ne a tsakiyar bismillahi da kike yi kafin ki kai loma.

A littafi, tambayar da za a yi wa mace ita ce "Ma ismuki?", namiji kuma "Ma ismuka?". A baki ana haɗe su, sai ki ji "masmuki" da "masmuka", kamar yadda ba a cewa "bi ismillahi". Bahaushe ya samu sauƙi a nan: sunanka *ismuka*, sunanki *ismuki*, "ka" da "ki" ɗinmu ne ba canji. Sunansa kuwa *ismuhu*, sunanta *ismuha*.

Sai dai in gaya miki gaskiya, Hajiya, da wuya askarin da ke ƙofar Harami ya yi miki Larabcin littafi. Mutumin Makka zai ce "Esh ismik?" Likita Bamisire a asibiti zai ce "Ismik eh?" Basudane zai ce "Ismik minu?" Mai ladabi kuma, ko daga ina yake, yana iya cewa "Al'ismul karim?" Kada ki wahalar da kanki wajen haddace su. Ki dai kasa kunne. Duk inda kika ji "ism" a cikin magana, kuma mai maganar yana kallonki, sunanki yake nema. In kika ji ana "Ya Hajja, ya Hajja", da ke ake.

Ki ƙara da jimla biyu. "Ana min Naijiriya", ni daga Najeriya nake. "Ana ta'iha", na ɓata hanya. Namiji "ta'ih" zai ce. Akwai ma'aikata a Mina da Arfa waɗanda aikinsu ke nan, mayar da ɓatattun alhazai tantunansu. Abin da ya fi duk waɗannan jimloli aiki shi ne katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, da za a ba ki. Tun Hajjin 2024 aka wajabta shi, kuma bayananki na cikinsa. Ki rataya shi a wuya, kada ki cusa shi cikin lalita a ƙasan zani inda sai an sha fama kafin a ciro. Za a maimaita muku wannan a wajen bita.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya. Na karanta wasiƙarki daga sama har ƙasa ban ga sunan ɗan nan naki ba, kuma na san ba mantuwa ba ce. Ɗan fari ne, wataƙila tun ranar da aka raɗa masa suna bakinki bai taɓa furta shi ba. Mu a nan mun gane, har muna yaba wa uwa a kan wannan kara. Balarabe ba zai gane ba, domin su al'adarsu ta juya wa tamu baya. A wurinsu girmamawa ce a kira uwa da sunan babban ɗanta, Ummu Ahmad ko Ummu Khalid, ita ma da bakinta take gabatar da kanta haka. To in kin ɓata aka tambaye ki da wa kika zo, "yaron nan" ko "Babangida" ba za su fito a kwamfutarsu ba. Abin da za ki ce shi ne "Ibni ismuhu", ɗana sunansa, sai ki faɗi sunan da ke fasfo ɗinsa. In yana tsaye kusa da ke, "Haza ibni", wannan ɗana ne.

Ra'ayina, ki faɗa. Wurin da ya tara sama da mutum miliyan 1.8, kamar yadda aka yi a 2024, ba wurin alkunya ba ne. In kuwa kin san harshenki ba zai juya ba, jikar nan taki ta rubuta miki sunansa da lambar wayarsa a takarda da manyan baƙaƙe, ki haɗa da katinki, in an tambaya ki miƙa.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne a Dilimi, na samu aikin ɗinki a Jidda. Sunana na yanka Abubakar, amma kowa Garba yake kirana, kuma Garba aka rubuta a fasfo. Wanne zan riƙa faɗa?

AMSA: Malam Garba, Allah Ya sa alheri ne ya kira ka. Amsar ta danganta da wanda ke tambaya. A filin jirgi, banki, asibiti, ko wajen yin katin zama da suke kira *iƙama*, sunan fasfo za ka faɗa, harafi da harafi. Mu mun san Garba da Buba da Habu duk Abubakar ne, Audu Abdullahi ne, Shehu Usman ne. Jami'in da ke riƙe da fasfonka bai sani ba. In takarda ta ce Garba bakinka ya ce Abubakar, mutum biyu yake gani, kuma kai za ka yini a kan benci.

A shago kuwa, ko a masallaci bayan salla, ka ce "Ismi Abu Bakr, wa yunadunani Garba", wato sunana Abubakar, ana kirana Garba. Na fi so ka fara da Abubakar ɗin, don sunan da suka sani ne, ba sai ka maimaita sau uku ba. In Basaudiye ya ji sunanka ya ce "Wanni'im" ko "Ashatil asami", yabo ne da addu'a. In ya ce "Tasharrafna", mun samu girma da saninka, ka mayar masa da "Assharafu li", ni ne na samu girman.

Ka sa ido ranar da za a rubuta Garba da baƙaƙen Larabci. Larabcin littafi ba shi da "g". Mu a ajami da غ muke rubuta shi, amma Balarabe zai karanta maka "Gharba" daga maƙogwaro. Misirawa da ج suke rubutawa, don su haka suke furta harafin, shi ya sa suke cewa Gamal a inda wasu ke cewa Jamal. Mutanen Saudiyya sukan sa ق, domin a bakinsu "g" yake fita. A Jidda wannan na ƙarshen ya fi maka. In aka rubuta maka da ج, "Jarba" za su karanta, kalmar da suke faɗa wa raƙuma mai ƙazwa. Ka roƙi mai rubutun ya gyara tun kafin ya buga, kuma duk yadda aka rubuta a takardar farko, haka za ka ci gaba da rubutawa a sauran.

Za ka kuma ci karo da fom mai neman *al'ismur ruba'i*, suna mai hawa huɗu: naka, na mahaifinka, na kakanka, sai na dangi. Yawancinmu hawa biyu ko uku gare mu, kuma na ƙarshen sau da yawa sunan gari ne, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari. Kada ka ƙirƙiro kaka don cike gurbi. Ka rubuta abin da ke fasfo, ka bar su su faɗi yadda suke so a jera. Matan da suka sa sunan miji a fasfo su ma su sani, Balarabiya ba ta sauya sunan ubanta don ta yi aure, saboda haka sunan da ke bin nata, na mahaifi za a ɗauke shi.

Jingina mutum ga garinsu ba baƙon abu ba ne a wurinsu, sai dai su da "i" suke rufewa. Malamin nan Bakatsine masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, a littattafansu Muhammad Alfulani Alkashnawi ne. A Makka da Jidda za ka haɗu da gidajen Hausawi da Fallata da Barnawi, jikokin mutanenmu da suka je Hajji suka zauna. Kaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Usama Hausawi, daga cikinsu yake. Don haka in ka ce "Ana Hausawi min Naijiriya", babu wanda zai tambaye ka mene ne Hausa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni Kirista ne daga Bukuru, sunana Bitrus. Zan kai mahaifiyata Saratu asibiti a Alƙahira. Wani abokina ya ce in nemi sunan Musulmi in riƙa amfani da shi a can don a fi saurarena. Haka ne?

AMSA: Malam Bitrus, Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa a dace da magani. Abokinka ya so ka da alheri, amma shawararsa ba ta yi ba. Sunan da ba ya cikin fasfo, a asibitin da za ka riƙa sa hannu a takardu kana biyan kuɗi, rigima kawai zai jawo maka.

Kuma ba ka da bukata. Sunanka ya fi na Malam Garba na sama sauƙi a bakin Bamisire. Misira na da miliyoyin Kiristoci, Kibɗawa, kuma Larabci ne harshensu na gida da na kasuwa. Bitrus a wurinsu Butrus ne. Bamisiren da ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1992 zuwa 1996, Butrus Butrus Ghali, takwaranka ne har sau biyu. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, sunayen da ke cikinsa sun bi sigar Larabci, shi ya sa Bulus da Luka da Matta da Yohanna duk za su ji sunansu a Alƙahira kusan yadda ake kiransu a Jos. Wanda fasfonsa ya ce Peter ne zai ji an mayar da shi "Bitar", don babu "p" a Larabci.

Ga abin da za ka ji da abin da za ka ce. Za a tambaye ka "Ismak eh?", ko cikin girmamawa "Ism hadritak eh?" Ka ce "Ismi Butrus". Game da Mama, "Di ummi, ismaha Sara", wannan mahaifiyata ce, sunanta Saratu. "Tu" ɗin da muke rufe Saratu da Hannatu da A'ishatu da shi, su a magana yanke shi suke yi: Sara, Hanna, A'isha. Ka gaya wa Mama tun a gida, kada nas ta fito tana kiran "Sara" ita kuma tana zaune tana jiran a kira Saratu.

Gaisuwa kuwa, "Sabahul khair" da safe, "Masa'ul khair" da yamma, kowa na yin su. In ka ji Kirista Bamisire yana cewa "insha Allah" da "alhamdu lillah", kada ka yi mamaki, kai ma ai Allah kake cewa da Hausa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibar Islamiyya ce a Rikkos. Ni da ƙawata mun yi gardama. Ta ce "Ana ismi Zainab" kuskure ne, "Ismi Zainab" kawai ake cewa. Sannan in ina son sanin sunan mutum, zan iya cewa "Man anta?"

AMSA: 'Yata, ku sasanta, duka biyun daidai ne. "Ana ismi Zainab" shi ne "ni sunana Zainab", ana ƙara "ana" in ana zagayawa kowa na faɗin nasa. "Ana Zainab" ma ya wadatar.

"Man anta?" dai ki bar shi. Nahawunsa lafiya lau, amma "kai wane ne?" yake nufi, kuma zafin da yake da shi a Hausa shi yake da shi a Larabci. Mai gadi ne ke faɗarsa da dare. Ki yi sallama, ki fara faɗin naki, sannan ki ce "Wa anti, masmuki?" ga mace, "Wa anta, masmuka?" ga namiji. In a waya ne aka kira ki da baƙuwar lamba, ki ce "Man ma'i?", wato da wa nake magana.