Akushin kaka ya tsage, katakonta yana zubar da gari: yaya za a yi?

Tambaya: Na gaji akushi biyu da wani katakon yanka burodi mai zanen sassaƙa daga kakata. Tun shigowar hunturu akushi ɗaya ya tsage, katakon kuma yana zubar da gari ta wasu ƙananan ramuka. An ce in shafa man gyaɗa. In shafa?
Wata mai karatu daga Tawa

Amsa: Hajiya, a dakata da man gyaɗa. Yana lalacewa a cikin itace, ya yi wari, ya riƙe ƙura, kuma in ya shiga ba ya fita.

A fara da garin nan, domin shi ne na gaggawa. Tsutsar ƙwaro ce ke cin katakon daga ciki. A ɗora shi kan farar takarda kwana uku. In an ga sabon gari, tana da rai. Sai a naɗe shi da tsumma busasshe, a sa a leda biyu, a matse iska, a ɗaure tam. A ajiye a injin ƙanƙara mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har sati biyu. In wuta ta ɗauke ya narke, a sake ƙirga daga farko. Bayan an fitar, kada a kwance ledar sai ta yi awa 24, don raɓa ta taru a kan leda maimakon itacen.

Tsagewar kuwa aikin bushewar iska ce. Itace na shan danshi da damina ya kumbura, da hunturu ya motse. Kada a cusa gam a tsagar: damina na zuwa bakinta zai nemi haɗuwa, gam ya hana, ta ɓulla wani wurin. A raba akushin da rana da murhu, kada a jiƙa shi, a share da buroshi mai laushi kawai.

Abin da muka fi roƙo shi ne kada kafinta ya goge ko ya fente su. A unguwar Putney ta Landan an taɓa buɗe ƙaramin gidan tarihi na katakan burodi zalla, yawancinsu na zamanin Sarauniya Biktoriya (1837 zuwa 1901), masu zanen zangarniyar alkama, kuma sawun wuƙa da ke kansu yana cikin abin da aka riƙa zuwa kallo. Haka baƙin akushinki da bakinsa da ya side.

A rubuta sunan kaka, garinsu da abin da ake ci a ciki a ƴar takarda, a ɗaura da zare. In ramukan sun yi yawa har itacen na marmashewa, a kai wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai su duba.