Laifin injiniya ne ko na masu ginin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laifin injiniyanku ne ginin makarantarku a unguwar Aboabo ta Kumasi ya ƙi ƙarewa, alhali ya kammala wani a unguwar Asawase kan lokaci. A ganina, ku fara duba kanku, domin sau da yawa bambancin yana wurin masu ginin.

Idan kuɗi na zuwa a tsittsinke, injiniya ba zai iya tsara komai ba. Magina su watse su kama wani aiki, rodi ya yi tsatsa a damina, kafin a dawo siminti ya tashi, kamar yadda muka sha a 2022 da darajar sidi, kuɗin Gana, ta faɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne canza magana. An zuba kankare, sai wani ɗan kwamiti ya ce a ƙara bene. Harsashin da aka lissafa don hawa ɗaya ba lallai ya ɗauki biyu ba. Dole a sake zane, a koma majalisar Asokore Mampong, mai kula da yankinku, neman sabon izini.

Ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da injiniyan, kowane canji a rubuta shi tare da kuɗinsa. In kun yi haka aikin bai motsa ba, sai ku tuhume shi.