Na ci karo da yaren Eiffel, in bar Java?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin koyon Java sai na ci karo da wani yaren rubuta manhaja wai shi Eiffel, an ce don manhaja mai aminci aka yi shi. Gaskiya ne? In ajiye Java in koma can?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, amma kada ka yi gaggawar ajiye Java.

Wani Bafaranshe, Bertrand Meyer, shi ya ƙirƙiro Eiffel a 1985. Kamar Java yake, ana kasa manhaja gida-gida, kowane gida da bayanansa da ayyukansa. Inda ya sha bamban shi ne yarjejeniya. Ɗauki aikin cire kuɗi daga asusu. A ƙarƙashin kalmar require za ka rubuta sharaɗin shiga: abin da za a cire kada ya wuce abin da ke ciki. A ƙarƙashin ensure ka rubuta alkawarin fita: saura ya zama tsohon adadi ban da wanda aka cire. Sai invariant, dokar da ba ta canjawa, misali asusu ba ya sauka ƙasa da sifili. Da an karya ɗaya lokacin gwaji, manhajar za ta tsaya cak ta nuna mai laifi. In require ne, laifin wanda ya kira aikin ne. In ensure ne, na wanda ya rubuta shi.

Kada ka raina wannan. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. An ɗauko manhajar Ariane 4 ne, wadda ta ɗauka wata lamba ba za ta taɓa wuce ɗan gurbin da aka ware mata a kwamfuta, mai bit 16 (bit shi ne ma'aunin girman gurbin), ba, sabuwar roka kuwa ta fi gudu, lambar ta yi ambaliya. Meyer ya daɗe yana kafa hujja da wannan: zaton da ba a rubuta shi a matsayin sharaɗi ba, mantawa ake yi da shi.

Matsalar Eiffel kasuwa ce. Duk da ya samu amincewar ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, a 2006, masu neman ma'aikata da shi kaɗan ne ƙwarai.

Shawarata, sauke EiffelStudio, manhajar da ake rubuta Eiffel da ita, ka ɗan taɓa, don tunaninka ya saba da sharaɗi. Sannan ka dawo Java ka riƙa amfani da assert, kalmar da Java ke duba sharaɗi da ita. Ka dai tuna a kashe yake zuwa, sai ka ƙara -ea wajen tayar da manhajar kafin ya yi aiki.