Amsa ga ƙanena na Kantin Kwari, mai son sayar da fili ya taho Ingila

Ƙanena, wa alaikumus salam. Saƙonka ya same ni ina kan aikin dare a gidan kula da tsofaffi, na karanta shi a tsaye a ɗakin shan shayi, ban kai ƙarshe ba ƙararrawar wani dattijo ta kira ni. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Tunda ka yarda in amsa a fili ba tare da sunanka ba, ga ta nan, don a watan nan kai ne na huɗu da ya aiko min da irin wannan tambaya.

Ka ce shekararka 29. Ka gama digiri a 2018, ka yi bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai Kawu ya ja ka shagonsa na atamfa da shadda a Kwari, kana can har yau. Yanzu wata jami'a a nan ta ba ka gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a fannin kasuwanci, kuɗin makaranta fam 16,000, kai kuma kana da filin gado da kake so ka sa a kasuwa. Sannan ka rufe da maganar da ta tsaya min a rai: “Yaya, shekara shida na ɓata a kasuwa, ina so in zo in fara rayuwa.”

A kan wannan maganar zan fi daɗewa, domin ni ma na taɓa faɗinta a gaban mahaifiyata a Funtuwa.

Kemistiri na karanta a Zariya, na fito da buri fal ciki: kamfanin magani, ko matatar mai ta Kaduna. A 2014 Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yayyena mata duk suna ɗakin aure, ƙannena yara ne, kuma ka san dattijon Bahaushe ba zai yarda 'yarsa ta kai shi banɗaki ba. Sai abin ya faɗo kaina. Shekara uku ina yi masa wanka da alwala, ina juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ina dama masa kunu mai kauri saboda na lura mai ruwa-ruwa yana sarƙe shi. Harshensa ya karye, sai na koyi gane abin da yake so daga idonsa. Abokan karatuna kuwa suna Abuja, suna turo hotuna cikin kwat. Akwai daren da na zagaya bayan gida na yi kuka, kuma ba tausayin Baba ne ya sa ni kukan ba, tausayin kaina ne. Allah Ya yafe min. Ya rasu a 2017. Na koyar a wata makarantar kuɗi shekara huɗu kan albashin da ba ya kai ni tsakiyar wata, sannan na sayar da kasona na gonarsa na taho Manchester a Satumbar 2021. Manchester ɗin da kuka sani ta ƙwallo. Ni dai har yau ban taɓa shiga filin wasa ba, tikitin ya fi ƙarfin aljihuna.

Da na zauna rubuta takardar tarihin aiki, shekarun jinyar nan uku sai na bar wurinsu fili, kamar wani abin kunya.

Aikina na farko a sito ne, ɗibar kaya a kwali cikin dare kan fam 8.91 a awa, mafi ƙarancin albashi na lokacin. Wata biyu bayana ya ce bai yarda ba. Wani ɗan Gana da muke salla tare ya ce in gwada gidan kula da tsofaffi. A wurin tantancewa manajar gidan ta ɗora yatsa kan gurbin nan da na bari, ta tambaye ni ina nake daga 2014 zuwa 2017. Na sunkuyar da kai na gaya mata. Sai ta ajiye biro, ta shiga yi min tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: yaya nake ɗaga shi, sau nawa nake juya shi, wa ya koya min maganar kauri. Ashe abin da na gano da kunun tsamiya shi ne suke koya wa sababbin ma'aikata a aji, har garin kaurara abin sha suke da shi na musamman don masu shanyewar jiki. Ko sau ɗaya ba ta waiwayi digirina ba. Ranar Litinin na kama aiki.

Kada ka ɗauka daɗi nake ba ka labari. Wanke babanka daban, wanke wani tsohon Bature da ciwon mantuwa ya cinye, yana zaginka yana kai maka duka, daban. Na roƙi a riƙa ba ni maza, galibi ana ba ni, amma daren da ma'aikata suka yi ƙaranci ba ka da zaɓi. Akwai safiyar da za a miƙo maka faranti da naman alade ka kai wa mutum. Kowa da yadda yake sasantawa da zuciyarsa a kan waɗannan, wasu ma sun bar aikin saboda su, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya fi cina shi ne girman kai. Shekara guda ina ce wa mutanen gida ina aiki “a ɓangaren lafiya”, kuma rabin waɗanda kake gani a Facebook suna hoto a gaban jan bas haka suke cewa. Ranar da na daure na gaya wa Inna gaskiya, dariya ta yi, ta ce ai aikin da na yi wa Malam ne, yanzu kuma har biyana ake yi. Tun daga ranar nauyin ya sauka.

Aikin nan ya sauya ni ta inda makaranta ba ta taɓa ba. Na koyi cewa ƙarfe takwas tana nufin takwas saura minti goma. Na koyi rubuta komai, domin a nan abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Na koyi buɗe baki in ce ban sani ba, abin da a gida muke ɗauka faɗuwa ce, na kuma koyi kallon shugabana in ce masa ya yi kuskure ba tare da rashin kunya ba. Yau ni ke da alhakin rabon magunguna a hawa guda na gidan, ina duba wane magani ne bai jituwa da wane. Kemistirin da na yi zaton na binne ya dawo ta ƙofar baya, sanye da rigar da ban taɓa ɗinka masa ba. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙafa sukan yada zango a gonakin audugar Jazira a Sudan, su yi ƙwadago don haɗa guzuri. Wasu suka wuce Makka bayan shekaru, wasu suka zama manoman can, jikokinsu na nan har gobe.

Akwai kuma abin da na biya wanda ba ya cikin lissafin ejan mai haɗa wa mutum takardun tafiya. A 2023 aka kira ni da hantsi aka ce Inna ta cika. Kafin azahar an kai ta. Ni kuwa ina tsaye a ɗakin wanki da waya a kunne. Sadakar bakwai na iske.

To bari mu zo kan kuɗi, don a nan ne hanyar da na bi ta bambanta da wadda ke gabanka. Lokacin da na taho, ta banki na biya kuɗin makaranta a farashin gwamnati, fam ɗaya bai kai naira 600 ba. Bayan an saki naira a Yunin 2023, fam ya haura naira 2,000 a 2024, kuma na ga 'yan Najeriya da idona waɗanda kuɗin da suka tanada na shekara ya narke a tsakiyar zango, makaranta ta rufe musu shafinsu na karatu a intanet. Kafin a ba ka biza sai ka nuna kuɗin makaranta da na zaman wata tara, sama da fam 1,100 kowane wata in ba a Landan kake ba, kuma su kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Haɗa da naka 16,000, ka doshi fam 26,000 ke nan, wato kusan naira miliyan 52 in ka lissafa fam a 2,000. Ban sa kuɗin lafiya ba, fam 776 a shekara, ban sa biza da jirgi ba. Filinka zai kai haka?

Na san abin da ke ranka: in na shiga zan yi aiki in cike. Ɗalibi awa 20 kacal doka ta ba shi a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a Afrilun 2025, ka ga ɗan sama da fam dubu ke nan a wata, ɗaki guda a gidan haɗaka kuma zai iya cin rabinsa. Za ka ci abinci, amma ba za ka biya makaranta da shi ba. Ni na kawo matata da yara a 2022. Tun Janairun 2024 an hana mai irin karatunka kawo iyali, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Bizar zama neman aiki bayan karatu, wadda aka buɗe a 2021 da shekara biyu, za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Ɗauko masu kula da tsofaffi kai tsaye daga waje kuwa an rufe shi a Yulin 2025. Saboda haka duk ejan da ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka takardar ɗaukar nauyi ta wannan aiki, ka riƙe kuɗinka. Dama can haramun ne sayar da ita a dokar ƙasar nan. Takardar gurbin karatu da ke hannunka kuwa, hangen Dala ce.

Yanzu koma ka dubi shekarun da ka ce ka ɓata. Ka shiga Kwari ana cikin rufe boda na 2019. Ka ga kullen korona. Ka ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ya kasa sayen turmi ɗaya. Ka ga yadda 'yan sarin Maraɗi da Damagaram suka ɗauke ƙafa da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma shagon bai mutu ba. Ka san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Ka san abin da tashin dala ke yi wa kwantenar da ta baro Chaina wata biyu da suka wuce, ka iya canjin sefa da ka, ka san yadin da zai tafi da salla da wanda zai kwana a shago. Na zauna da 'yan ajin kasuwanci a nan, yara masu shekara 22, suna karanta waɗannan abubuwa a littafi kamar labarin wata duniya. Abin da ya rage maka shi ne ka koyi faɗinsa da rubuta shi, ka daina cewa “zaman shago nake”. Dila nawa ke shigowa a wata? Abokan ciniki daga ƙasashe nawa? Yara nawa ke ƙarƙashinka? Wace shawara ka taɓa ba Kawu da ta ceci jari?

Kuma akwai inda ake neman wannan ido rufe. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, ba ya ma duba wanda bai yi aikin shekara biyu ba, awa 2,800 suke ƙirgawa. Yana biyan makaranta da jirgi da kuɗin zama, da sharaɗin ka koma gida na aƙalla shekara biyu. A watan Agusta ake buɗe shi. Gasar tana da zafi, mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu, amma abin da suke so ka rubuta shi ne inda ka taɓa jagoranci da yadda kake hulɗa da jama'a, kai kuma kana da labaran da ɗan ofis ba shi da su. Akwai na Commonwealth ma, ka bincika.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: kada ka sayar da filin. Ni na sayar da nawa a lokacin da ƙofofi ke buɗe, na kuma tsira da kyar, kuma har yau in na je Funtuwa ba na bin hanyar gonar. Ka rubuta wa jami'ar ka nemi su ɗage maka gurbin zuwa baɗi, da yawansu suna yarda. Ka nemi tallafi a wannan shekarar. In ya samu, zo, ɗakina na nan har ka samu naka, zan kuma kai ka inda ake sayar da rigar sanyi ta gwanjo, don a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. In bai samu ba, ka zauna da Kawu ku yi maganar da nake zargin ita ce ainihin abin da ke damunka: shekara shida kana yi masa, ba ka da ko ɗan tebur naka. A al'adar kasuwa yaron da ya daɗe haka ana sallamarsa da jari. Wataƙila kai ma kana jin nauyin tambaya, shi ma yana jiran ka nuna ka shirya.

Ka rubuto min shafi biyu kan abin da ka yi a shagon tun ranar farko, da Hausa ma ya isa, mu mayar da shi takardar neman tallafi tare. Bakwai ta kusa, zan fita kama bas. Ka gaida Kawu da mutanen gida, kuma kada ka bari ya fara jin maganar filin nan a bakin dillali.