Tambayi Likita: An sha maganin tarin fuka, amma tari bai tafi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya kammala maganin tarin fuka na wata shida shekara biyu da suka wuce, aka ce ya warke. Amma kullum da asuba sai ya yi ta tari yana fitar da kaki mai kauri, wani lokaci kore, kuma ya fi tsananta da hunturu. Wani a kemis ya ce ya sake shan maganin tarin fukar. Ya sake?
Mai karatu daga Daura

AMSA: Wa alaikumussalam Malama. A'a, kada ya sake sai an gwada kakinsa da GeneXpert, gwajin gano ƙwayar tarin fuka, wanda ake yi kyauta a cibiyoyin tarin fuka. In gwajin bai nuna ciwon ya dawo ba, abin da za a fara zargi shi ne bronkiyektasis, wato buɗewar bututun iska na huhu.

Tarin fuka, ƙyanda, tarin shiƙa ko nimoniya mai tsanani a ƙuruciya kan bar tabo. Bututun ya faɗaɗa, ƙananan gashin da ke share majina su lalace, kaki ya kwanta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, kumburi ya ƙara ɓata bututun, a koma gidan jiya. Hoton ƙirji na yau da kullum yakan kasa nuna wannan, hoton CT, wanda ke nuna cikin huhu dalla-dalla, shi ne ke tabbatarwa. Ku nemi a tura ku wurin likitan ƙirji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma shuka kakin a ɗakin gwaji don a san ƙwayar. In ƙwayar cutar da ake kira Pseudomonas ce, maganinta daban ne.

Bututun da ya buɗe ba ya komawa yadda yake, don haka babban aiki shi ne kwashe kakin kullum, kuma nan ne aka fi sakaci. Ya zauna a miƙe, ya yi numfashi a hankali har ya natsu. Sai ya ja dogon numfashi sau 3 ko 4, yana riƙe kowanne kamar daƙiƙa 3. Daga nan ya buɗe baki ya huro iska da ƙarfi, kamar mai hura madubi zai goge, sau 1 ko 2, sannan ya yi tari ya tofar. Ya maimaita na minti 10 zuwa 20, safe da yamma, ba kan cikakken ciki ba. Tari da ƙarfi tun farko yana matse bututun ne, kakin ya maƙale. Ya riƙa shan ruwa, ya sa takunkumi in ƙura ta taso, ya nisanci hayaƙin itace da sigari, ya kuma bar maganin danne tari.

In kakin ya ƙaru, ya canza launi ko zazzaɓi ya zo, ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 14, ba kwana uku na kemis ba. Ga wanda ciwon ke tasar masa sau 3 ko fiye a shekara, binciken da aka wallafa daga New Zealand a 2012 da Holan a 2013 ya nuna shan azithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, na tsawon watanni yana rage tashin. Amma yana iya taɓa ji da bugun zuciya, kuma ba a fara shi sai an tabbatar babu ƙwayoyi dangin tarin fuka a kakin. Akwai sabon magani, brensocatib, da Amurka ta amince da shi a Agustan 2025 bayan gwaji kan mutum sama da 1,700, inda ya rage tashin ciwon da kusan kashi 20 cikin ɗari. Tsadarsa ta sa ba abin da za ku dogara da shi ba ne yanzu.

In ya tofar da jini tsantsa fiye da ɗigo-ɗigo, ko numfashi ya gagara, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.