In jira sabon faifai, ko in ci gaba da DVD?

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon biki a Fagge. Na ji an ƙirƙiro faifai ɗaya da zai cinye aikin shekara goma. In dakata da zuba aikina a DVD har ya iso?

Amsa: Malam, kada ka dakata. Labarin dai gaskiya ne. A 2024 masu bincike a Shanghai sun bayyana faifai mai girman DVD da ake rubutu a cikinsa hawa-hawa har ɗari, yana ɗaukar kusan tera 200, wato giga dubu ɗari biyu. Microsoft ma na gwada rubutu a cikin gilashi. Sai dai duk suna ɗakin gwaji, ko ka zaga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kaf ba za ka ga na'urar karanta su ba.

Abin da ke bambanta faya-fayan nan shi ne kaifin hasken leza da ke rubutu da karatu a kansu. Tuna alƙalamin allo: in an fiƙe shi siriri, sai layuka su yi yawa a allo ɗaya. CD mega 700 yake ɗauka, DVD giga 4.7, Blu-ray mai shuɗin haske kuwa giga 25 a hawa ɗaya.

Ko sabon ya fito ma, kada ka yi gaggawa. A 2006 aka fara kokawa tsakanin Blu-ray na ɓangaren Sony da HD DVD na Toshiba. Sony ta cusa Blu-ray cikin PlayStation 3, sai ya shiga gidajen mutane ta hannun 'yan gem. Da Warner Bros mai shirya fina-finai ta koma gefen Blu-ray a Janairun 2008, a Fabrairu Toshiba ta miƙa wuya. Waɗanda suka sayi injin HD DVD aka bar su riƙe da baki. Mu nan kuwa ko wanda ya yi nasarar bai yi kasuwa ba; daga faya-fayan Ƙofar Wambai muka tsallaka wurin masu tura fim a waya.

Don haka kowane biki ka yi masa kwafi biyu, ɗaya a rumbun kwamfuta, ɗaya a faifai, kada kuma su kwana a ɗaki ɗaya. Faifan da ake ƙonawa a shago rini ne a cikinsa, zafi na cin sa. Na ga wanda aka bari cikin leda ƙarƙashin rufin kwano, ba karce ko ɗaya, amma daidai shigowar amarya hoto ya ƙage. Duk shekara ka ciro naka ka kunna, wanda ya fara sarƙewa ka kwafe shi a ranar.